Mako Guda A Ajin Autarmu A Makarantar Coci

 

Yau ina so in taɓo wata magana da ake yawan yi a majalisa, wato maganar sa yara a makarantun firamare na coci. In ka zauna a Sabo bayan sallar isha'i za ka ji mutane sun kasu biyu. Wasu sun ce duk wanda ya kai ɗansa can ya musanya addininsa da Turanci. Wasu kuma sun ce ai karatu ake nema, sauran duk surutu ne. Abin da na lura shi ne, yawancin masu maganar nan ba su taɓa leƙa ajin ba, balle su buɗe jakar yaro su ga abin da ke ciki. Ni kuwa Allah Ya ɗora mini wannan aikin. Autarmu 'yar shekara 8 tana aji uku a wata makarantar coci da ke wajen Mokola, kuma da yake Baba da Inna ba su yi boko ba, ni ne mai kai ta da safe kafin in wuce shagonmu a Bodija, ni ne mai sa hannu a littafin aikin gida, ni ne mai zuwa taron iyaye. Saboda haka zan faɗa muku yadda mako guda yake tafiya a ajinsu, kowa ya auna da kansa, tunda an ce gani ya kori ji.

Amma bari in ɗan koma baya kaɗan. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya sauka a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun shekarar 1916. Kafin a kafa Sabo ma, boko a ƙasar Yarbawa yana hannun 'yan mishan. Tun wajen 1843 suka buɗe makaranta a Badagry, kuma a nan Ibadan wani mai suna David Hinderer da matarsa Anna sun zauna a Kudeti a 1853 suna koyar da yara. Ke nan wannan damuwar da muke ciki, Musulmin Yarbawa sun riga mu shiga cikinta, ita ce ma ta sa suka kafa ƙungiyar Ansar-Ud-Deen a Legas a 1923 domin su gina makarantunsu na boko. A 1955 gwamnatin Awolowo ta kawo karatun firamare kyauta a Jihar Yamma, amma dattawanmu suna ba mu labari cewa mutanen Sabo da yawa ba su saki jiki da shi ba. Bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, gwamnati ta karɓe makarantun mishan, shi ya sa har yau za ka ga makarantar gwamnati da sunan waliyyin Kirista. Wannan daban take da wadda coci ya gina da kuɗinsa yake kuma karɓar kuɗin makaranta. Ta Autarmu irin ta biyun ce.

Ni ta gwamnati na yi, inda muka cika aji har wasu suna zama a taga, na kuma lallaɓa na gama sakandare. Da aka zo kan Auta, Baba ya ce ya gaji da neman mai karanta masa takardar banki in ba na nan, kuma wannan makarantar tana kusa, tana da katanga da maigadi, malamai suna zuwa kan lokaci. Kawu ya ƙi amincewa tun ranar farko, ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Baba ya ce ya ji, amma za a gwada.

To ranar Litinin, ƙarfe bakwai da rabi ake rufe ƙofa. Yara su yi layi aji-aji a fili, malamai su bi suna duba farce da safa da kai. Daga nan sai ganga da waƙoƙin coci, sai shugabar makaranta ko fasto ya yi addu'a, sai taken ƙasa da alkawarin biyayya. Taken nan ma da gwamnatin Tinubu ta dawo da tsohon a watan Mayu na 2024, a bakin Auta na koye shi, domin ni wancan na iya. In sun shiga aji, malamarsu wadda suke kira Anti takan rubuta aya guda daga Baibul a saman allo, ta zauna a wurin har Juma'a, kuma ana so kowa ya haddace ta. A ƙarƙashinta sai kalmomin Turanci guda goma na wannan makon, waɗanda za su koyi rubutawa da sa su a jimla. Abin da ya fi mini amfani a Litinin shi ne wata 'yar takarda da Anti take liƙawa a littafin aikin gida, mai ɗauke da duk abin da za a koyar a makon, darasi-darasi. Da dare nakan zauna in fassara wa Baba da Inna ita da Hausa, tun daga lissafi har labarin Baibul da za a yi. Ta nan muke sanin abin da ke tafe tun kafin ya iso.

Talata ranar lissafi ce mai tsawo. Yanzu suna kan haddar sau, daga sau biyu zuwa sau goma sha biyu, da lissafin kuɗi. A ƙarshen ajin akwai wani tebur da suka mayar shago, an jera gwangwanayen madara da kwalayen shayi da babu komai a ciki, da kuɗin takarda da yaran suka zana da kansu. Wani ya zama mai shago, saura su zo saye. A nan kam Autarmu ba ta da na biyu, domin tun tana rarrafe take ganin ana auna wake da kongo ana ba da canji. Anti ta ba ni labari tana dariya, wai ta ce mata ga kaya na naira 350 an ba ki naira 500, kafin ta rufe baki Auta ta ce canji naira 150, sannan ta ƙara da cewa in mai sayen zai ɗauki biyu za ta yi masa ragi. Ranar da na faɗa wa Baba wannan, har gobe yana ba abokansa labari a kasuwa. Shi ma da dare yakan jarraba ta da lissafin ka, ita tana ƙirga da biro shi yana ƙirga da yatsa, kuma har yanzu yakan riga ta.

Laraba suna zuwa da kayan wasanni, kowa da launin gidansu, ita kore take sawa. Da safe guje-guje ne da tsalle, bayan an dawo daga tara sai kimiyya. A wannan zangon sun shuka wake a gwangwani, kowane yaro da nasa a bakin taga, duk Laraba su auna tsawonsa da rula su rubuta a littafi, su zana ganyen. Wani gwangwanin an sa shi cikin kwali mai duhu don su ga abin da rashin rana yake yi wa shuka, ya fito dogo fari ba ƙarfi. Waken da duk ajin suka shuka daga shagonmu ya fito, Baba ne ya ba ta cikin kongo guda kyauta. A darasin nan ne kuma ta koyi cewa sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, ta dawo gida ta dame mu sai da aka kifar da tsofaffin tayoyin da ke bayan ɗakinmu.

Sai dai kayan Laraba su ne suka fara kawo magana a gida, saboda gajeren wando ne. Inna ta ɗinka mata dogo mai launi iri ɗaya, makaranta ba ta hana ba. Hijabi kuwa sun ce ba ya cikin yunifom ɗinsu, hula ce kawai. Don haka kullum da hijabinta take fita daga gida, in mun isa ƙofa ta cire ta ninke ta sa a jaka, in an tashi ta mayar. Ba zan ɓoye muku ba, duk safiya in na ga tana ninke shi sai in ji wani iri a raina. Wasu a majalisa sun ce ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata suna da 'yancin sa hijabi. Haka ne, amma waccan shari'ar a kan makarantun gwamnatin jihar Legas aka yi ta, tamu kuwa coci ne ya gina abarsa.

Alhamis ita ce ranar da na fi sa ido, domin ranar ce ake darasin addinin Kirista na awa guda. Anti takan ba da labari, yara su zana hoto ko su yi ɗan wasan kwaikwayo a kai. Yawancin labaran na annabawan da muka sani ne: Nuhu da jirginsa, Yusuf da 'yan uwansa, Musa da Fir'auna, Dauda da Jaluta, Yunusa a cikin kifi, Allah Ya ƙara musu aminci. Da yake makarantar allo ba a zuwa Alhamis da Juma'a, na mayar da daren Alhamis lokacin zama da ita. In sun yi labarin Yusuf, sai in ɗauko tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, in buɗe sura ta 12 mai ayoyi 111, mu bi labarin a hankali, tana gaya mini inda ya yi daidai da na Anti da inda ya bambanta. Gaskiya ni kaina na ƙaru da wannan zama fiye da yadda na zata.

Wata Alhamis aka yi labarin Annabi Ibrahim da ragon layya, Anti ta ce Ishaƙa ne aka so a yanka, kamar yadda yake a littafin Farawa. Auta ta ɗaga hannu ta ce Malaminsu na allo ya ce Isma'ila ne. Anti ba ta yi mata faɗa ba, ta ce a littafinku haka ake koya muku, a namu kuwa Ishaƙa ne. Yarinya ta dawo da tambayar da ta fi ƙarfina: Yaya, in an tambaya a jarrabawa me zan rubuta? In na rubuta Isma'ila za a ci ni, in na rubuta Ishaƙa na yi ƙarya. Muka tafi wurin Malam tare. Ya yi murmushi ya ce mata, ki fara amsarki da cewa Baibul ya ce, sannan ki rubuta abin da suka koya miki, kin ga kin faɗi gaskiya a kan littafinsu, zuciyarki kuma tana kan naki. Tun daga ranar haka take yi, Anti kuma tana ba ta makinta cikakke.

Babbar girgizar ta zo ne a zangon farko na aji biyu. Wani dare an zuba tuwo, sai Auta ta rufe ido ta haɗa hannu ta yi addu'ar cin abinci da Turanci, ta rufe da sunan Yesu, kamar yadda suke yi kafin tara. Inna ta saki ludayi ta fara salati. Kafin gari ya waye labari ya kai wa Kawu, ya zo tun da asuba ya ce wa Baba, Yaya, ga abin da na faɗa maka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ka cire ta yau. Baba bai ce komai ba. Ya kira Auta ya tambaye ta me ta faɗa, ta ce ita ba ta san ma'anarsa ba, kowa yana yi ne ita ma take yi. Ya ce da ni in shirya, yau ba za mu buɗe shago da wuri ba.

A hanya na gaya masa abin da na karanta a sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, cewa ba a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba, ko da yake sashen ya kuma bar wa kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da take ɗaukar nauyi. Baba ya ce in ajiye wannan a aljihu, baƙo ba ya fara magana da shari'a. Da muka shiga ofis, da Yarbanci ya gaishe da shugabar, yana kiranta Mama, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ita ma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce wannan makarantar coci ce, ba za su daina addu'a da waƙa ba, kuma darasin addini yana cikin jarrabawa. Amma ta yarda cewa yaran Musulmi, waɗanda su 7 ne cikin 26 a ajin, yawancinsu ma 'ya'yan Yarbawa, za su tsaya shiru cikin ladabi lokacin addu'a, ba za a sa su jagoranci ba, kowa ya yi bisimillarsa kafin cin abinci, kuma ba za a sa yaro a wasan Kirsimeti ba sai iyayensa sun yarda. Baba ya ce ya gode, ya fi son mai gaya masa gaskiya a fuska. Daga baya na ji cewa iyayen sauran yaran shida sun daɗe suna jin abin a ransu, ba wanda ya taɓa zuwa ya faɗa.

Juma'a ranar gwaji ce. Anti ta yi musu shifta ta kalmomi goman nan, a yi gwajin lissafi, a karɓi haddar ayar mako, sannan darasin Yarbanci. Ƙarfe ɗaya ake tashi, sai in biyo in ɗauke ta mu wuce gida kafin a tayar da sallah a Sabo. Juma'ar ƙarshen wata kuma kowa yana zuwa da kayan gargajiyarsu. Inna takan yi mata lalle tun daren Alhamis, ta sa atamfa da ɗankwali, kuma ranar ce kaɗai take shiga aji kanta a rufe ruf. Wata rana Anti ta sa ta koya wa ajin ƙirga da Hausa daga ɗaya zuwa goma, yanzu in na zo ɗaukarta sai yaran Yarbawa da Ibo su kewaye ni suna cewa sannu Yaya. Anti ma ta yi mamaki da na gaya mata cewa akwai Hausawa Kiristoci a wurare irin su Wusasa, kuma an buga Baibul da Hausa tun 1932. Ita a tunaninta duk wanda ya fito daga Arewa Musulmi ne mai sayar da tsire ko canjin kuɗi.

Akwai wani abu da ba a cika magana a kansa ba a majalisa, alhali ni yana damuna kusan kamar na addini, wato harshe. A makarantar in yaro ya yi wani yare ba Turanci ba a wajen darasin Yarbanci, sai a rubuta sunansa. A titi Yarbanci take ji. Hausa ta rage a tsakar gida kawai, ita ma tana fitowa a cakuɗe. Yarinyar da take karanta littafin Turanci ba gargada, da na miƙa mata Magana Jari Ce ta Abubakar Imam sai ta tsaya tana kallon ƙ da ɗ kamar baƙi. Yanzu duk Lahadi da yamma shafi guda muke karantawa, Inna tana gefe tana gyara mata lafazi.

Ku kuma duba nauyin da ke kan yaron. Daga Litinin zuwa Alhamis tana makaranta tun safe har ƙarfe biyu. Ƙarfe huɗu tana gaban Malam da allonta har kusan magariba, daga Asabar zuwa Laraba. Asabar da Lahadi da safe kuma Islamiyya. Aikin gida sai bayan isha'i, wani lokaci da fitilar waya in babu wuta, sau da yawa a kan littafin barci yake ɗauke ta. Akwai wanda ya ba Baba shawara ya rage allon. Baba ya ce in dai ragewa za a yi, to bokon za a rage, domin sharaɗin da ya sa wa kansa ke nan tun ranar da ya kai ta. Ga kuma kuɗi, don bayan kuɗin zango akwai na littattafai, na wasanni, na bikin ƙarshen shekara. In takarda ta zo ta gudummawar bikin godiyar kaka na coci, Baba ba ya bayarwa, ya kuma gaya musu dalili. In ta gyaran aji ce ko ta wasanni, yakan ba da fiye da abin da aka yanka.

In kun tambaye ni ra'ayina, ga shi. Yarinyar tana samun karatu mai kyau, kuma tana samun ƙawaye daga cikin mutanen da muke zaune a garinsu. Baba yakan ce abin da ya koya daga rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021 shi ne, ranar tashin hankali wanda ya san ka da sunanka shi ke buɗe maka ƙofa. Amma maganar Kawu ma tana da ƙamshin gaskiya. Yaron da yake jin waƙa da addu'a kullum safiya tsawon shekara shida, dole wani abu ya zauna masa, in babu mai bibiya a gida. Wanda ya san ba shi da lokacin buɗe jakar ɗansa, ko ba shi da wanda zai karanta masa abin da ke ciki, ni dai ba zan ba shi shawarar kai shi can ba. Wanda kuma ya kai, ya tambayi dokokinsu na sutura da ibada tun kafin ya biya ko kwabo, ya riƙa zuwa taron iyaye, kada ya saki allo, in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya je da kansa ya faɗa cikin mutunci.

A gidanmu an tsaya a kan cewa Auta za ta gama aji shida a can in abubuwa sun ci gaba yadda aka yi alkawari, amma sakandare sai inda za ta shiga da hijabinta. Kawu har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba, nasa 'ya'yan suna ta gwamnati, kuma zumunci bai taɓu ba.

Abin da nake so manyanmu su duba shi ne wannan. Sabo ta haura shekara ɗari. Muna da 'yan canji, muna da dillalan shanu, muna da masu tireloli da manyan 'yan kasuwar hatsi. Musulmin Yarbawa da suka ga irin wannan matsala sun haɗa kuɗi sun gina makarantu tun zamanin Turawa. 'Yan makarantun da wasu bayin Allah suka buɗe a unguwanninmu suna ƙoƙari, amma suna fama da rashin ɗakuna da rashin albashin da zai riƙe ƙwararren malami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa za su sa a riƙa cire wani abu kaɗan a kan kowace mota da ta sauke kaya, a damƙa shi ga amintattu, da cikin 'yan shekaru mun sami inda yaro zai koyi lissafi da Turanci da Yarbanci da Hausa da Alƙur'ani a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu.